Dokin gado ya karye: wa ke da ikon cewa a hutar da shi?

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar akawal a bargarmu ta Tudun Wada. Bayan hawan daushe ya karye a ƙafar gaba, mai ɗori ya yi iya yinsa, yanzu ko harawa ba ya taɓawa. Ba a raba gado ba. In na sa aka hutar da shi, na yi laifi?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Malam, dokin nan ba naka ba ne kai kaɗai, ko da kai ke sayen dusa da kanwa. Tunda ba a yi rabo ba, kowane magaji yana da kaso a jikinsa. Ranar rabo a kotun Shari'a wani zai iya cewa ka salwantar da dukiyar magada, kuma dokar hukunta laifuka (Penal Code) ta Jihar Kaduna ta ɗauki kashe dabbar wani da gangan a matsayin ɓarna. Ita dai dokar kuma ta hana azabtar da dabba, don haka barinsa kwance a turke ƙudaje na bin gyambon ba mafita ba ce.

Fara da likita. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Likita mai rajista ya duba shi, ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da kwanan wata. Doki ba akuya ba ne. Nauyinsa ke hana irin wannan karaya haɗewa. In likita ya ce babu rai a gaba, ka tara magada su amince a rubuce, yara ƙanana waliyyinsu ya sa musu hannu. Wanda ke nesa, saƙon WhatsApp ma hujja ce, kada ka goge. In wani ya ƙi, ka kai takardar likitan gaban alƙali, kada ka yi gaban kanka.

Na san abin da ke ci maka rai shi ne alhaki. Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya halatta yanka dabbar da ba a ci idan an fid da rai da ita, sai ka ƙara tuntuɓar malaminku.

Masu sayen raunanan dawaki za su zo da tayi. Amma in da allura aka hutar da shi, naman ya zama guba ga mutum da kare da ungulu. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne shi a gaban shaidu biyu.