Ƙanena ya fasa karatun likita, an ce hannu aka sa masa

Tambaya: Likita, daga Tawa nake rubuto maka, hankalina a tashe. Ƙanena yana shekara ta uku a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Da ya zo hutu sai ya ce shi ya fasa, aikin gona yake so ya karanta. Tun yana lise dangi "Dokta" suke ce masa. Yanzu da la'asar yana filin ƙwallo, da dare yana fada ana shayi da belot, har cikin gida ake jin dariyarsa. Inna ta ce hannu aka sa masa, mun riga mun kashe jika 150 wurin masu magani. Hankalinsa ne ya taɓu?

Amsa: Ƴar'uwa, ki sha ruwa ki zauna. Abin da ya fi ɗaga miki hankali a wasiƙarki, wato dariyar nan, shi ne ya fi kwantar mini da nawa.

Ciwon damuwa, wanda muke ce wa depiresiyo a asibiti, ginshiƙansa biyu ne: baƙin ciki da ba ya tafiya, da mutuwar jin daɗin abin da mutum ya saba so, kusan kullum, har mako biyu ko fiye. Saurayin da ya faɗa cikinsa galibi ba ya zuwa ƙwallo. Abokai za su yi sallama a ƙofar gida, ya ce a ce ba ya nan. Tuwo ya huce a kwano, barci ya ƙi ko ya yi yawa. Akwai kuma wani sauyin da ni ma yake ba ni tsoro: mutum ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, surutu ba birki, yana rabon kuɗin da ba shi da su, yau zai sayi filin noma gobe zai zama minista. In kin ga ɗayan biyun nan, ko ya fara zancen gara mutuwa, a kawo shi asibiti a ranar. Amma yaron da ke ci, yana barci, yana cinye abokansa a belot, kuma ya zauna ya faɗi dalilinsa tiryan-tiryan, shawara kawai ya sake.

Yanzu bari in tsaya kan maganar hannu, don ita ce ke cin raina kowace safiya. A wurinmu duk wanda ya sauya ra'ayi sai an nemo wanda ya sauya masa. Budurwa ta ce ta fasa auren, an yi mata farraƙu. Ɗan ci-rani ya ce ba zai koma Abijan ba, an ɗaure shi. Ɗalibi ya sake fanni, kishiyar uwa ce. Ba wanda zai tambayi mai abin: me ka gani? Sai a kwashi kuɗi a tafi wurin wani mai ƙwarya da ƙasa, shi kuma bai taɓa duba mutum ya ce lafiyarsa ƙalau ba, don in ya faɗi haka da me zai ci? Zai ce aikin ya yi nisa, a kawo baƙin bunsuru. In yaro ya musa, ya ce ai musun ma cikin aikin yake. Ki duba tarkon nan da kyau: ya yarda, asiri ne, ya ƙi, asiri ne.

Kuma da a kuɗi abin ya tsaya da sauƙi. Ana kawo mana samari da aka ɗirka wa jiƙo ko aka turara musu abin da ba wanda ya san mene ne. Wani lokaci da zaƙami a ciki, wanda ba banza ba ake ce masa haukata-yaro: baki ya bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe, zuciya na dukan uku-uku, yaro na kama abin da babu a iska. Sai dangi su ce ka gani, aljanin ya fito. Lafiyayye aka shiga da shi, maras lafiya aka fito da shi. A ɗaya gefen kuma, mai ciwon gaske sai ya shekara ana yawo da shi gari-gari, wani har da mari a ƙafa, kafin a iso gare mu. Addu'a ban hana ba, ni ma ina yi. Abin sha da turaren da ba ku san haɗinsu ba, ku tsayar da su yau.

Na san abin da ke ƙona Inna: shekara uku, kuɗin haya, sunan "Dokta". Sai dai su sun riga sun tafi, ko ya zauna ko ya fita. Faransa da Ingila sun yi ta zuba dukiya a jirgin saman nan Concorde bayan sun gane ba zai mayar da kuɗinsa ba, don kawai an riga an kashe da yawa. Ya fara ɗaukar fasinja a 1976, aka ajiye shi a 2003, har masana suka laƙaba wa irin wannan kuskure sunansa. Lissafin da ya kamata ku yi na gaba ne: sauran shekarun karatu, sannan shekara talatin na aikin dare da jini da kukan dangin mamaci. Likitan da ya tsani aikinsa na sha zama da shi a ɗakin gadi, kuma ba zan so ya duba mahaifiyata ba.

Wannan ba ya nufin ya tattara kaya gobe. Ya ƙarasa shekarar da yake ciki, ya karɓi takardun makinsa a hannu, ya tambayi abin da sashen aikin gona zai lissafa masa da kuma makomar bursunsa, a rubuce, da hatimi. Ya fara da wuri, kin san takarda a ƙasar nan: shef ya fita, a dawo Litinin. Sannan ya je Galmi lokacin aikin albasa ya yi mako biyu a garka, rana na dukan ƙeyarsa. In ya dawo yana ba ku labarin iri da ban-ruwa bakinsa bai rufuwa, kun samu amsa. In ya dawo ya ce a'a, asibitin ya fi, wannan ma sauyin ra'ayi ne, kada wanda ya yi masa gori.

Ƙwallo da fada kuma ku ƙyale masa su, muddin ba caca ba tramol. Da su nake auna lafiyar majinyatana: ran da wani ya ce mini ya koma kallon kokowa har ya yi ihu da aka yi kaye, na san magani ya fara aiki. Mutanen Tawa, da aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a garinku a 1975, bai kamata a koya muku darajar wasa ba.

Ga abin da za ki faɗa wa Inna, don da wannan harshen za ta fi ji. Imamu Shafi'i yana da maganarsa ta Iraƙi, da ya koma Masar ya sake da yawa daga cikinta, ba wanda ya ce an yi masa sammu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara. Rantsuwa fa da sunan Allah, balle fom ɗin da yaro ya cika yana ɗan shekara goma sha tara. Kan batun wasa kuwa, Annabi ya yi tsere da Nana A'isha. Ya gaskata Salmanu da ya ce wa Abu Darda'i ransa ma yana da haƙƙi a kansa. Mu ne muka ɗauka sai fuska ta murtuke ake zama mutumin kirki.

Ki kira ƙanenki ku biyu kawai, ba a gaban kawunnai ba, ki tambaye shi tun yaushe abin yake ransa. Ina zaton zai ce miki tun shekarar farko, ran da aka shiga da su ɗakin gawa.