Amsar tambayar Malam kan rataye tsohuwar babbar riga a wurin baje kayan tarihi

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari tambayarka, ka ce an ba ku aron tsohuwar rigar saƙi mai aska takwas, kuna so ku rataye ta mutane su gani. To, don Allah kada a sa mata hanga ta ƙarfe, kada a kafa ta da ƙusa ko fil. Nauyin rigar nan duk yana wajen aikin wuya da aljihu, in ka rataye ta a kan abu siriri, zaren kafaɗa ne zai ɗauki kayan, kuma nan take fara yagewa. Fil kuwa da damina ta shigo zai yi tsatsa, tabon ba ya fita.

Abin da za ku yi, ku sami bututun alminiyum wanda tsawonsa ya kai faɗin rigar, hannu zuwa hannu. Ku naɗe shi da auduga har kaurinsa ya kai kamar damtsen mutum, santimita 8 zuwa 10, sannan ku lulluɓe da akoko da aka wanke aka cire masa sitaci. Ku zura bututun ta wannan hannun rigar ya fita ta wancan. In kun ga zaren ya riga ya mutu, ku haƙura da ratayewa, ku shimfiɗa ta a kan allo mai ɗan gangare, da akoko a ƙarƙashi. Kada ta taɓa katako ko jarida kai tsaye, suna sa tufa ta yi ja ta rube.

Sai asu. Don a kashe shi, kafin rigar ta shiga cikin sauran kaya, ku ɗaure ta a leda, ku fitar da iska, ta yi mako guda a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, ba tare da wuta ta yanke ba. In an fito da ita, kada a buɗe ledar sai ta kwana, don raɓar ta tsaya a bayan leda.

Wanki da guga da bugu, babu su. Ƙurar hunturu, buroshi mai laushi ya isa.

Danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, in ya haura 65 funfuna za ta kama. Haske kuma kada ya wuce luks 50 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), a ajiye rigar nesa da taga. Bayan wata uku zuwa shida ku sauke ta ta huta a duhu.