Kafin Ka Sauke Kan Injin Kawunka

Ɗana, na ji bayaninka. Ka ce Golf 3 ɗin kawunka ta yi zafi a hanyar Ƙauran Namoda, ya lallaɓo da ita har Gusau, yanzu tana fitar da farin hayaƙi ta salansa, ruwa kuma ba ya zama a cikinta. Kana tambaya ko za ka iya canza mata gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok (gangar jikin injin), a gida ba sai an jawo ta gareji ba. Za ka iya, na ga hannunka. Amma zauna tukuna.

Fara tabbatarwa gasket ɗin ne. Da safe, injin na sanyi, buɗe robar ruwa ka tayar da motar. In ka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke kutsowa cikin ruwa. Zaro ma'aunin baƙin mai ka duba, in ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Kwance fulogi huɗun ka jera su. Wanda ka ga ya yi fes kamar an wanke shi, ta nan ruwan ke zuba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, gasket ba ya ƙonewa haka kawai. Wani abu ne ya sa motar ta tafasa. Ko fanka ta daina tashi, ko famfon ruwa ya mutu, ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa shekara da shekaru. In ba ka gano wannan ba, ka sa sabon gasket, zafin watan Afrilu zai sake cinye shi kafin kawunka ya kai Talata Mafara, kuma sunanka za a kira.

Sai wurin aiki. Tsakar gidanmu yashi ne, ga iska. Nemi inda aka yi daɓen siminti, ka shimfiɗa buhu mai tsabta, ka tanadi ƙyallen da za ka rufe injin da shi da zarar ka ɗaga kan. Cire kan batir, ka juye ruwa da mai. Kafin ka taɓa bel ɗin tayimin, juya injin da hannu har alamomin su hau kan juna, fistin na ɗaya yana sama. Duk wayar da ka zare ka ɗaura mata alama, kar ka ce za ka tuna.

Notin kan guda 10 ne. Kada ka kwance su injin da ɗumi, domin kan alminiyam ne, yana lanƙwashewa. Fara daga na gefe ka shigo tsakiya, kaɗan-kaɗan, kana zagayawa.

Nan ne yara ke gaggawa. Sun ɗaga kai, sun ga inda gasket ya ƙone, sai su goge su ɗora sabo. A'a. Kankare fuskar kan da ta bulok a hankali, kar ka yi wa alminiyam rauni da sukundireba. Sannan ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan, a tsaye da kuma a karkace, ka gwada cusa filageji, wato siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin milimita 0.1 a ƙarƙashinsa. In ya shige, kan ya karkace, sai an kai wa masu injin share fuska. Ido ba ya ganin wannan karkata, amma wuta tana ganinta. Duba kuma tsakanin bawul da bawul ko akwai tsagewa. Ramukan noti ma ka tsane su sarai, don in ruwa ko mai ya kwanta a ciki ka ɗaure a kansa, yana iya tsaga bulok.

Ka gode wa Allah Golf ce. Ina yaro kamarka, maigidana ya bar ni da wata Peugeot 504 da muka sauke wa kai. Ita silindojinta zaro su ake yi, ruwa na kewaye da su. Na juya injin don in goge fistin, ban danne su ba, suka ɗago, abin da ke tare ruwa a ƙasansu ya saki. Muka haɗa komai, muka zuba ruwa, ya gangara cikin baƙin mai. Sai da muka sake wargaza injin gaba ɗaya. Har yau ina jin nauyin idon mai motar nan.

Wajen ɗauri, sayi gasket mai kyau ko da ya fi tsada, ka ɗora shi a bushe, ba gam, rubutunsa yana kallon sama. Notin Golf miƙewa suke yi in an ɗaure su, shi ya sa ake sa sababbi. Na san kawunka zai ce a mayar da tsofaffin, ka gaya masa ni na hana. Fara daga tsakiya ka fita gefe: zagayen farko 40 Nm a sifanar awo mai nuna ƙarfin ɗauri, na biyu 60 Nm, sannan kwatan juyi, ka sake zagayowa da wani kwatan. Ba da ƙarfin damtse ake yi ba. Zan ara maka sifanata.

In ka mayar da bel, juya injin da hannu sau biyu ka ga alamomin sun dawo daidai kafin ka taɓa makulli. Zuba sabon mai da sabuwar filta, ruwa kuma ka haɗa da na kanti mai hana tsatsa, ka matsa tiyo iska ta fita. Tsaya a kanta har ka ji fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya.

Ranar Asabar ka sauke kan ka kawo min gareji, mu auna shi tare kafin kawunka ya sayi komai.