Rubutun WhatsApp na ɓata rubutun furojet?

Ɗan'uwa, ka ce kana ajin ƙarshe a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, kuma malaminka ya dawo maka da babi na ɗaya yana cewa rubutun waya ne. Kana tambaya ko hira a WhatsApp ce sila.

Tana da hannu, amma ba ta inda ake zato ba. Gajarce-gajarce irin su "slm", "ykk", "lfy" ba kasafai suke shiga furojet ba. Ɓarnar tana wajen rabon kalma: "yazo" maimakon "ya zo", "xanje" maimakon "zan je". Sai haruffa masu lanƙwasa, inda "ƙafa" ke komawa "kafa", "ɓata" ta koma "bata", ma'ana ta juye gaba ɗaya.

Mafi muni shi ne gina hujja, ko da Turanci kake rubutu. Saƙo layi guda ne, shi kuwa sakin layi yana son magana, dalili, sannan madogara.

Sa Hausa a Gboard, wato allon rubutu na waya, don ka samu haruffa masu lanƙwasa. Ka buga babin a takarda, ka ajiye shi kwana 2, sannan ka karanta da ƙarfi, jan biro a hannu. Inda numfashinka ya yanke, aya ce ta ɓace.