Amsar Gwaggo Kan Tuwon Sallah

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Autata ce ta karanta mini, ita ce kuma take rubuta wannan, don idona ya daina ganin ƙananan rubutun nan na waya. Ya ibada? Ya maigidan naki?

Kin ce wannan ce Sallarki ta farko a ɗakinki, kuna zaune a gidan bene a Abuja, ba ki san kowa ba sai gaisuwar kan matakala. Maigidanki ya ce kada ki wahalar da kanki, a ba masu girkin kuɗi su kawo soyayyar shinkafa da kaza, a ci a huta. Shi ne kike tambaya ko tuwon sallah dole ne, da dalilin da ya sa kowace hidima tamu take da abincinta, har da zancen wutsiyar rago da kika ji surukarki ta yi. Na ji daɗi da kika tambaya. Sa'o'inki da yawa waya suke tambaya, ba gwaggonninsu ba.

Bari in fara raba miki abu biyu, don kada wani ya rikita ki. Abin da addini ya ɗora muku a ƙaramar Sallah shi ne zakkar fidda kai: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi huɗu, na abincin da aka fi ci a garin, a kan kowane mutum na gidan, a fitar kafin a tafi Idi. Sai kuma sunnar a ɗan taɓa wani abu kafin a fita masallaci, ko dabino ne. A babbar Sallah kuwa akasin haka ne, sai an sauko ake ci. Tuwon shinkafa da miyar taushe babu su a littafi. Idan ba ki tuƙa ba, babu mala'ikan da zai rubuta miki zunubi. Al'ada ce. Amma ki saurara ki ji abin da al'adar take ɗauke da shi kafin ki ajiye ta.

Sallata ta farko a gidan miji ta faɗo a 1973, shekarar da aka canza kuɗi aka koma naira da kwabo, kuma shekarar babban farin nan da ya kashe dabbobi ya sa hatsi ya yi tsada. A lokacin shinkafa ba abincin kullum ba ce. Tuwon dawa da na gero muke ci shekara ta zagayo, da miyar kuka ko kuɓewa busasshiya. Shinkafa sai Sallah, sai biki, sai babban baƙo. Sai bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, da aka fara shigo da ta waje buhu-buhu, ta zama abin da yaro zai ture ya ce ya gaji da shi. To a shekarar nan, Malam, Allah Ya jiƙansa, tiya biyu kawai ya iya sayo mana. Ni da ƙuruciya na lissafa, na ga mu mutanen gida za ta ishe mu har dare. Surukata, Inna, ta dube ni ta ce, “Wa ya gaya miki mu za mu ci?”

Tun jajibere muka fara. Aka wanke shinkafa, aka fere kabewa, aka gyara alayyafo da yakuwa, aka daka gyaɗa. Kafin kiran assalatu wuta tana ci a murhu uku. Hannuna bai saba da muciya a babbar tukunya ba, tuwon ya yi gudaji, na tsaya ina hawaye ina cewa hayaƙi ne. Inna ba ta ce mini komai ba, ta karɓi muciyar ta yayyafa ruwan zafi ta rufe, ya sake turara, ta tuƙe shi sumul. Da maza suka tafi Idi muka jera kwanuka a tsakar gida, langa-langa da samira, har da akushin Malam babba. Malmala biyu nan, uku can. Na ƙirga kwano goma sha bakwai da suka fita. Abin da ya rage a tukunya bai fi ƙanzo ba. Na ce a raina, yau da yunwa za mu yi Sallah.

Kafin azahar tsakar gidan nan babu wurin taka ƙafa. Wannan gida sun aiko da waina, wancan funkaso, gidan wasu 'yan Maiduguri sinasir, gidan liman tuwo da miya har da tantaƙwashi. Gidan da ba su da halin shinkafa suka aiko da tuwon dawa mai laushi da man shanu, Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ce ma shi za ta ci. Duk yaron da ya kawo a ba shi tukuici, kwabo ko ɗan alewa. Wani kwanon ma ba a sauke shi, sai a sauya masa murfi a tura shi wani gidan. Wallahi da la'asar sai ga malmalata ta dawo mana daga gida na uku, na gane ta da ɗan gudajin da ya tsira. Muka yi ta dariya har Inna tana riƙe ciki.

A ranar na gane lissafin. Idan kowa ya dafa ya aika, babu wanda zai san gidan da aka dafa kaɗan da gidan da ba a ɗora tukunya ba sam. Bazawara mai marayu ta aika ɗan abin da ta samu, goma ya shigo mata, ba ta roƙi kowa ba, ba wanda ya yi mata gori. Wadda kuka yi faɗa da ita a kan kaza tun watan Rajab, in kwanonki ya shiga gidanta, magana ta ƙare, ba sai an tara dattawa ba. In kuma aka ga kwanon wani gida bai zo ba, to a bincika, ko ciwo ko fushi ko babu. Wannan aikin ne tuwon yake yi, shi ya sa ake zaɓar abin da zai ƙosar, ya yi auki, ya jure zagayen unguwa a kan yara bai lalace ba.

Saboda haka ni ban damu ƙwarai da abin da za ki zuba a kwanon ba. In dafa-duka kika iya, yi ta. In maigidanki yana son soyayyar shinkafarsa, a sayo masa, ba laifi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ku kulle ƙofa ku biyu, ku ci kaza, ku ɗauki hoto ku watsa a waya, mutanen Kano su gani su yaba, maigadin da ke ƙofar gidanku bai ga ko ƙashi ba. Kin ce ba ki san kowa ba. To ai da kwanon ake sanin mutane. Ki fara da maigadi, da mai kawo muku ruwa, da mai wanki da guga, da samarin nan masu gyaran takalmi da sayar da shayi da ba su samu kuɗin motar zuwa gida ba. Su ne suka fi kowa kewar miyar taushe a ranar nan. Sannan ki bi ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba Musulmi ba. Shekara tara muka yi a Sabon Garin Zariya lokacin Malam yana aikin jirgin ƙasa, maƙwabciyata Bayarabiya ce Kirista, ba ta taɓa rasa tuwona ba, ni ma ban taɓa rasa shinkafarta ranar Kirsimeti ba. Ita ta riƙe ni a haihuwar yayanku na biyu.

Amma ina roƙonki, ko tukunya ɗaya ce ki yi da hannunki, kuma in son samu ne taushe. Ba wuya gare ta. Ki sami nama mai ƙashi ki tafasa da albasa da daddawa da ɗan citta. Ki zuba kabewa a ruwan naman ta dahu har ta narke, ki farfasa ta. Ki soya jajjagen tattasai da attaruhu da tumatir kaɗan, ki haɗa. Gyaɗar ki dama ta da ruwa kafin ki zuba, in ba haka ba za ta dunƙule, kuma daga nan kada ki yi nisa, don gyaɗa ba ta da kunya wajen kamu. Ganye shi ne ƙarshe, alayyafo da yawa, yakuwa 'yar kaɗan don tsami, kada ki rufe tukunyar sosai ya yi baƙi. Man shanu ki soya shi daban da albasa, a zuba a kan tuwo lokacin ci. Shinkafar tuwo kuwa ki ce wa mai awo ta tuwo kike so, fara, ba 'yar gwamnati mai tsayawa ɗai-ɗai ba. Kuma ki yi gwaji tun kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki yi daidai ƙarfin mijinki. Kada ki ga na wasu ki matsa masa, Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Surukarki tana nesa, kwano ba zai kai ba, to ki sa shi ya aika mata da kayan miya da kaji ko kuɗinsu tun ana saura kwana uku, ki kira ta ki ce, “Hajiya, ga ɗan cefanen Sallah nan, a yi haƙuri ba yawa.” Ki bari ta ji daga bakinki, ba daga nasa ba.

Sauran hidimomin ma haka suke, kowane abinci da aikinsa. Mai jego ana dama mata kunun kanwa, a yi mata ƙauri da yaji, don ta mayar da ƙarfi ta sami ruwan nono. Garar da muka kai miki, alkaki da nakiya da dubulan, an zaɓe su ne don suna daɗewa ba su lalace ba, ki ba baƙi masu zuwa ganin ɗaki, a raba wa dangin miji su san daga gidan mutunci kika fito. Ranar sadakar mamaci gumba da waina, don suna rabuwa hannu-hannu. Ba zan tsaya a kansu ba, kowanne in lokacinsa ya zo za ki gan ni.

Babbar Sallah ita ce mai aiki. Mu a Kano ranar farko yanka ne da fiɗa, a gyara kayan ciki a soya, a rataye ragon ya kwana ya tsane. Washegari a sassara, a fitar da rabo, sannan a zauna suya. 'Yan'uwanmu na Nijar su kuma a kan itace suke baza ragunan su kewaye wuta da su, su gasu a hankali, rabo sai washegari. A da babu firji, don haka nama a kitsensa ake soya shi har ya bushe, a zuba a tukunya ko garwa, ya kai wata biyu ana ɗiba ana jefawa a miya. Wani a daka shi a yi dambu, shi ne na aika wa na nesa. Kai da ƙafa a babbake. Abin da malamai suka ja mana kunne a kai shi ne ba a sayar da komai na layya, ko fata, kuma ba a biyan mahauci ladansa da naman. Ku ci, ku yi sadaka, ku yi kyauta. Nan ma kin ga, fitar ta fi zaman yawa.

Wutsiyar da surukarki ta ambata, ta cika-ciki ce. Akan shafa mata gishiri a busar da ita, a adana wata guda cur, daga goma ga Zulhajji zuwa Ashura a watan Muharram, sai a jefa ta a miyar daren. Tun muna yara ake ce mana wanda bai ƙoshi a daren nan ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo, sai ki ga yaro yana ci yana nishi. Wannan zancen ba shi da tushe a addini, malamai sun sha faɗa. Abin da ya tabbata shi ne azumin Tasu'a da Ashura, tara da goma ga wata. Ni yadda nake yi, in yi azumina, in dafa tuwo mai yawa na buɗa-baki, in sa wutsiyata don daɗin miya da tuna iyayena, in aika wa maƙwabta, ban ɗaura wani imani a kanta ba. In surukarki ta ce ki ajiye, ki ajiye, kada ki tsaya yi mata wa'azi. A watan ne kuma taubasai suke rigimar kuɗin shara, don haka ki shirya wa 'ya'yana, ga mai rubutun nan tana dariya tun yanzu.

Samirar nan mai furanni da na sa miki a kayan ɗaki, na san tana can saman kabad kin ce tsohon yayi ce. Ki sauko da ita ki wanke. Ta Inna ce, ita ta ba ni da hannunta. Robobin zamani ki zuba wa masu wucewa, amma maƙwabciyar da kike so ku saba, ki kai mata a samira, don dole ta dawo miki da ita, in ta zo kuwa sai ta zauna.

Ranar jajibere ki kira ni da la'asar, kafin ki zuba gyaɗar. Ki gaida maigidan naki, ki ce masa Gwaggo tana jiran goron Sallarta, kuma ba na karɓar alkawari. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya nuna mana Sallah lafiya.

Gwaggonki.