Shin sauti zai iya ɗaga kaya?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wata 'yar ƙwaya tana tsaye a iska, ba zare ba maganaɗisu, aka ce wai sauti ne ya riƙe ta. Gaskiya ne? Kuma za a iya tura kaya a cikin inji ta haka ba tare da an taɓa su ba?

Amsa: Gaskiya ne ɗan'uwa, babu rufa-ido a ciki. Sauti dai matsin iska ne mai kai da komo. In aka jera ƙananan lasifikoki suna fuskantar juna, suna kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa (kunnenmu iyakarsa wajen 20,000, shi ya sa ba ka jin komai), sai a samu wasu gurabe a tsakiya inda matsin ke lafawa, tsakanin kowane biyu kamar milimita 4. Nan abu mara nauyi ke maƙalewa.

Na taɓa haɗa irin na'urar da Jami'ar Bristol ta Ingila ta fitar a 2017, TinyLev, mai lasifika 72. Haɗawar ba ta ba ni wuya ba, saka ƙwayar ce ta sa ni gumi. Da na kawo ta da hantsaki sai hantsakin ya dagula sautin, ta yi tsalle, na bi ta ƙarƙashin tebur. Sai da na ɗora ta kan ɗan guntun raga na zare a hankali, sannan ta tsaya cak.

Motsa ta kuwa, a ɗan jinkirta bugun wasu lasifikoki ne kawai, gurbin ya gusa, ƙwayar ta bi shi. A 2013 masu bincike a jami'ar ETH Zurich ta Switzerland sun tura ɗigon ruwa da ƙwayar kofi da sauti har suka haɗu a iska.

Amma wannan hanyar, ƙwaya da ɗigo take ɗauka. Wadda nake ganin ta dace da tambayarka daban ce, kuma ba ta da daɗin kallo. Faranti ne ke kaɗawa da sauri, iskar da ke tsakaninsa da kayan ta zama kamar matashin kai, tazarar kamar kaurin gashi. A shekarun 1990 masana a Japan sun ɗaga kiloli da ita. In aka sa kaɗawar ta riƙa tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, sai kayan su sulala, ba taya ba man shafawa. Shi ya sa ake sha'awarta wajen faifan silikon na haɗa kayan lantarki da siririn gilashi, waɗanda ɗan ƙarzane ke lalatawa. Sharaɗin dai ƙasan kayan ya zama sumul, kuma a samu iska, domin a akwatin da aka zuƙe iskarsa ko ƙwayar ba za ta tashi ba.