Shawar bene ta koma ɗiga: in sayi sabon inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da rijiyar burtsatse a gidanmu da ke Agege. Tun shigowar rani shawar bene sai ɗiga take yi, famfunan ƙasa kuwa da dama-dama. Mai gyara ya ce in sayi sabon inji. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. A yawancin gidajen Legas, aikin injin da ke cikin rijiya shi ne ya kai ruwa tanki kawai. Ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi a famfo kuwa, tsayin tankin ne ke bayar da shi. Shawar da tanki ya ɗara da mita 2 ko 3 dama can rabonta kaɗan ne, 'yar toshewa ta isa ta kashe ta.

Saboda haka ka fara kwance kan shawar ka duba ramukan. Ruwan unguwanni da yawa a Legas yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi ne jan dattin nan da ke kwanciya a gindin bokiti idan ruwa ya kwana. Yakan liƙe ramukan, ya cika matatar da ke bakin tanki, ya ƙuntata cikin tsohon bututun ƙarfe. Ka jiƙa kan shawar a ruwan khal, ka sauya matatar. Idan tankin ya taɓa ƙafewa ƙaf, wataƙila iska ce ta maƙale a bututu. Buɗe famfunan duka har su daina tari.

Sannan ka lura da tsawon lokacin da tanki ke ɗauka kafin ya cika. Idan ya ƙaru, a auna wutar: injin yana son bolt 220 zuwa 240, idan ta yi ƙasa sai ya yi ta gurnani ba ruwan kirki. A duba kafasitar akwatinsa ma, wato 'yar na'urar da ke cikin akwatin wutar injin mai taimaka masa ya tashi, amma mai aikin lantarki ya yi, bayan an kashe wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne ranin da ka ambata. Ruwan ƙasa yakan ja baya, sai inji ya riƙa tofo iska da yashi. Ka ga haka, kashe shi nan take, domin ruwan ne ke sanyaya shi, jan iska kuma ƙone shi yake yi. A ƙara masa bututu ya sauka, ba tare da ya taɓa gindin rijiyar ba.

In kuwa tanki na cika a kan lokaci, injinka lafiya lau yake. Ɗaga tankin, ko sa wa layin benen ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa.